Gefe na Huɗu

Laraba tana cikin auna wa wata mata acca a Kasuwar Sabo sai ta hango Malam Bello yana ratsowa ta tsakanin rumfuna, babu hula a kansa. Shekara goma sha tara Malam Bello yana zaune a shagon kafinta ɗaya da mijinta Dauda a Kakuri, ba ta taɓa ganin kansa a buɗe ba sai ranar. Garin katako ya yi masa fari a gira da gemu.

"Maman Peace, rufe kayanki mu je."

"Lafiya, Malam?"

"Mu je dai."

Ta bar wa maƙwabciyarta rumfa, ta bi shi. A cikin keke, sai da suka wuce garejin Television sannan ya faɗa mata yana kallon ƙafarsa. Dauda ya sunkuya zai ɗauki zarto, ya ce kansa na juyawa, ya zauna a kan benci. Shi ke nan. Kafin su kai asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce hawan jini ne.

A asibiti ta ɗaga farin zanen da aka rufe shi da shi. Ba ta iya kallon fuskarsa ba, sai ta kama hannunsa na hagu, wanda yake riƙe zarto da shi, duk kantar aiki ta cika tafin. Da sauran ɗumi kaɗan.

Abin da ya fi mata wuya shi ne komawa gida Kudenda. Mama Saratu, mahaifiyar Dauda, tana zaune da su shekara biyu ke nan tun da idonta ya rufe. Suna shiga da Fasto da mata uku na coci, tsohuwar ta ɗago kai daga kan tabarma.

"Ƙafafu sun yi yawa," in ji ta. "Kuma ban ji ta Dauda a ciki ba."

An kai shi ƙauyensu kusa da Zonkwa aka binne, aka dawo. Matan Zumunta na coci suka yi ta zuwa da waƙa da kulolin abinci. Bayan mako biyu ƙafa ta ɗauke. Peace, 'yarsu tilo, ta koma gidan mijinta a Jos. Gida ya rage mata biyu da rediyon Dauda da babu mai kunnawa.

Wata safiya a farkon Disamba, Laraba ta kawo kunu, Mama ta riƙe kofin ba ta sha ba.

"Na yi magana da Harrison, ɗan ƙanena. Kwana biyu bayan Kirsimeti zai zo da mota ya mai da ni gida."

"Wane gida, Mama? Ɗakin da rufinsa ke zuba? Wa zai ɗebo miki ruwa?"

"Itacen da na jingina da shi ya faɗi. Uwar miji ba ta zama a gidan da ɗanta ba ya ciki. Ke ma ki huta."

"Ni na ce miki na gaji?"

"Ba za ki ce ba. Kina da kunya, shi ya sa nake faɗa a madadinki."

Laraba tana da shekara bakwai uwarta ta rasu. Shekara ashirin da shida ke nan tana kiran wannan tsohuwa Mama, kuma ba a baki kawai ba. Amma duk yadda ta juya maganar, Mama sai ta ɗauke ta a matsayin kara irin ta surukai.

"Abu ɗaya nake so in tafi da shi," Mama ta ce. "Firam ɗina. Ya ce kafin Kirsimeti zai kawo. Ya gama kuwa?"

Laraba ta san zancen. A ranar godiyar kaka ta coci an ɗauke su hoto, Mama a kan kujera, Dauda a tsaye a bayanta ya dafa mata kafaɗa. Da ya ce zai yi wa hoton firam da hannunsa, Peace ta yi dariya ta ce me Kaka za ta yi da hoto. Mama ta ce, "Baƙi su gani su faɗa mini. Kunnena bai makance ba." Shi kuwa Dauda ya ce zai sassaƙa wa katakon zane, don yatsunta su sami abin kallo.

Mama ta juyo da fuskarta wajen Laraba tana jira. Fuskar ta rame, tun rasuwar ba ta cin abin kirki.

"Ya gama," Laraba ta ji bakinta ya faɗa. "Yana shago. Man da ya shafa ne bai bushe ba."

Mama ta shanye kunun tas. Rabonta da haka tun ranar.

Da rana ta yi Laraba ta rufe rumfa ta hau keke zuwa Kakuri. Tun rasuwar ba ta taka shagon ba. Malam Bello bai taɓa ɓangaren Dauda ba, har tsohuwar rigarsa ta aiki tana rataye a ƙusa. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, ya miƙa hannu saman kantar shagon ya sauko da wani ƙunshi a cikin buhun siminti.

Sanduna uku ne na maɗaci, ja wur, an goge su sumul, an yanke bakunansu a karkace don su haɗu a kusurwa. A jikin kowanne an jera ƙananan tsage, ɗaya bayan ɗaya, kamar sawun tsuntsu. Laraba ta gane zanen. Kafin idonta ya rufe Mama maginiyar tukwane ce, irin wannan take yi da tsinke a wuyan tulu. Sanda ta huɗu kuwa katako ne kawai, ko gogewa ba a yi ba.

"Iyakar inda ya tsaya ke nan," in ji Malam Bello.

Ta zauna a kan bencin, sai daga baya ta tuna wane benci ne. Ba ta tashi ba. Ta faɗa masa abin da ta gaya wa Mama.

"Malam, ka taimake ni ka ƙarasa. Kai awa ɗaya ya ishe ka."

Ya daɗe yana shafa gemu.

"Maman Peace, da rufin gidanki ne ya yaye, yau ɗin nan zan hau. Amma in sassaƙa abu in ce wa tsohuwa makauniya Dauda ne ya yi, ina jin nauyin Allah. Ita ma uwata ce, na ci tuwonta ya fi a ƙirga."

"To ya zan yi? Na riga na faɗa."

"Ke kika faɗa, ke za ki san yadda za ki yi da ita. Ni dai abin da na iya shi ne koyarwa." Ya ɗauko ɗan kurfin sassaƙa na Dauda, mai ƙotar da ta yi baƙi don riƙo, ya ajiye a gabanta. "In kina so."

"Ni? Ko ƙusa ban taɓa bugawa ba."

"Kina fere kabewa?"

"Ina yi."

"To kin wuce aji ɗaya."

Haka aka fara. Kullum ƙarfe biyu ta rufe rumfa, ta zo shago, ta ɗaure zaninta tamau. Bai bar ta ta taɓa maɗacin ba tukuna, don guntun da ya rage ke nan daga allon da Dauda ya yanko sauran. Ya tara mata ɓaraguzan farin katako. Ya nuna mata yadda ake kafa sanda a cikin akwatin yanka, mai tsagar da ke bi da zarto a karkace. Rana ta farko zarton ya yi ta tsalle yana kuka.

"Ba faɗa kuke yi ba," in ji Malam Bello. "Kar ki danna. Ja kawai, shi ya san aikinsa."

Rana ta biyu ta yanke baki biyu na sanda ɗaya duk suna kallon waje guda. Ta kawo masa tana murna. Ya ɗaga ya duba, ya yi dariya har da tari.

"Madam kafinta, wannan in kika haɗa shi ba firam zai zama ba, matakala ce. Baki biyun su kalli juna, kamar mutum biyu suna gaisawa."

Ita ma ta yi dariya, sai dariyar ta juye mata ba ta shirya ba. Ya fita waje ya ba ta wuri, ya yi kamar yana duba wani gado da ya shanya.

Tsagen ne ya fi ba ta wuya. Ta ajiye sandar Dauda a gabanta tana kwaikwayo: a kafa bakin kurfi, a tura kaɗan, a ɗago. Nata sai su fito wani babba wani ƙarami, kamar haƙoran tsoho. Ta cika ɓaraguza goma sha ɗaya kafin su fara jeruwa. Masu wucewa suna tsayawa kallo. Wani mai walda na kusa ya ce, "Malam Bello, ka yi sabon yaron shago ke nan?" Malam Bello ya ce, "Ta fi ka hannu, kai da ƙofarka ba ta taɓa rufuwa daidai ba."

A gida Mama ta ce, "Kina ƙanshin katako kwanan nan."

"Kayan Dauda nake kimtsawa a shago."

"Man bai bushe ba har yanzu?"

"Saura kaɗan, Mama."

Mama ta ci gaba da ninke zannuwanta tana cusawa a jaka. Kullum jakar na ƙara kumbura a bayan ƙofa, Laraba tana ratse ta in za ta fita.

Ranar sha tara ga wata Malam Bello ya miƙo mata maɗacin. Ya auna da sandar sama ya ja layi da fensir, ya sa ta sake aunawa da kanta.

"Katako ba ƙullun ƙosai ba ne. In kin yanke ba ya komawa."

Ta yi addu'a a zuci ta ja zarto. Jan gari ya zubo a kan ƙafarta, da ɗacinsa a maƙogwaro, irin wanda take ji a rigar Dauda in ya dawo da yamma. Baki biyu suka fito suna kallon juna. Ta goge da sanfefa, mai kaushi sannan mai laushi, har sandar ta yi santsi kamar 'yan'uwanta.

Kwana biyu ta yi a kan tsagen. Arba'in da huɗu ne a sandar sama, ita ma ta yi arba'in da huɗu. Wajen na talatin kurfin ya zame ya shige mata babban yatsa. Malam Bello ya yago tsumma ya ɗaure, ya ce ta bari sai gobe. Ta ce gobe tana da nata aikin. Ta goge ɗan wurin da ya karce, ta ci gaba.

Suka shafa gam a kusurwoyi huɗu, suka haɗa, ya nuna mata yadda ake ɗaure firam da robar tayar mashin a zagaye shi don ya matse ya kwana. Washegari ta buga 'yan siraran ƙusoshi, biyu suka lanƙwashe, ya zare mata. Mai gilashi na bakin titi ya yanko musu daidai. Ta kwantar da hoton, ta rufe bayansa da fallen katako, ta shafa mai sau biyu.

Suka fito da shi hasken rana suka duba. Malam Bello ya sa tabarau, ya matso, ya ja baya. Ya kira mai walda ya ce ya nuna gefen da ba na Dauda ba. Mai walda ya duba ya duba, ya nuna na dama.

"Kin gani," in ji Malam Bello. "Ido ba zai raba ba."

Ranar Kirsimeti bayan sun dawo daga sujada, maƙwabta suna ta aiko da shinkafa da cincin, Laraba ta zaunar da Mama a kan kujerar Dauda. Ta ɗauko firam ɗin a naɗe cikin sabon ɗankwali ta ɗora mata a cinya.

"Ga saƙonki, Mama."

Mama ta warware a hankali. Ta fara shinshinawa. Sannan ta ɗora yatsu a gefen sama, ta bi tsagen ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi.

"Ɗan banza," ta ce tana murmushi. "Zanen tuluna ya sata."

Ta gangaro gefen dama. Ta koma ta bi na hagu. Laraba na tsaye ta riƙe bakin zaninta. Yatsun suka sauko gefen ƙasa, suka yi tafiya kaɗan, suka tsaya. Suka koma farko suka sake bi. Murmushin ya tafi.

"Laraba."

"Na'am, Mama."

"Wa ya yi wannan?"

"Ai Dauda ne ya..."

"Kar ki ƙara mini ta biyu a ranar haihuwar Ubangiji."

Laraba ta durƙusa a gaban kujerar. A waje yara suna ta fasa 'yan nakiyoyin wasa.

"Ɗana bahago ne," in ji Mama. "Yana ƙarami na ɗaure masa hannun nan da tsumma wata uku, don a ce na yi tarbiyya. Ya koyi cin tuwo da dama, ya koyi gaisuwa da dama. Amma duk abin da yake so da zuciyarsa da hagu yake yi. Kawo yatsanki." Ta laluba ta kamo hannun Laraba ta ɗora a gefen sama. "Ji nan. Ramin ya nutse ta wannan ɓangaren, ya fita ta can. Yanzu ji na ƙasa. Ta ina ya nutse?"

Laraba ta rufe ido ta shafa. Sai yanzu ta ji. A fili yake, kamar a ce mutum ya sa takalmi a juye. Ita da Malam Bello da mai walda duk sun tsaya a rana suna zare ido, babu wanda ya tuna ya rufe nasa.

"Ba Bello ba ne," Mama ta ci gaba, yatsunta na kan katakon. "Bello ba zai yi aiki mai rawa haka ba. Na farkon nan mai su tsoro yake ji. Nan ya fara samun hannu. Nan kuma..." Ta tsaya. "Nan ƙarfe ya zame. Ina ya sauka?"

Mama ta bi yatsun Laraba ɗaya ɗaya har ta iske babban, inda ciwon ya fara kamewa. Ta riƙe shi.

"Kwana nawa?"

"Sha shida."

"Kasuwar fa?"

"Rabin yini nake yi."

"A watan Kirsimeti, da kowa ke neman acca. Lalle ba ki da wayo." Muryarta ta ɗan karye, ta gyara. "Uku ya yi ya tafi ke nan."

"Uku ya yi, Mama."

Tsohuwar ta jinjina kai. Hawaye ya biyo kuncinta, ba ta share ba.

"Kin yi mini ƙarya, ni da ba na gani."

"Na yi. Ki gafarta mini."

"Don me?"

"Na ga ba kya cin abinci. Ban so ki tafi da abu rabi ba." Sai sauran ya fito da kansa. "Ban so ki tafi ba ma sam. Na faɗa miki kin ce kunya ce. Ba kunya ba ce, Mama. In kin tafi, wa zan ce wa na dawo?"

Mama ta sake bin gefen ƙasa tun daga farko har ƙarshe, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Wata maƙwabciya ta yi sallama a ƙofa da kwano, ta leƙo, ta ajiye ta koma.

"Bangon ɗakina na ƙauye laka ne," Mama ta ce daga bisani. "Ba ya riƙe ƙusa. Kalandar coci ma sau uku tana faɗo mini a ka." Ta ja hanci. "Akwai guduma a gidan nan?"

"Akwai."

"To me kike jira, kafinta? Kuma kar ki kai shi sama kamar na masu ido. Daidai inda hannuna zai kai."

Laraba ta ɗauko guduma. Mama ta tashi ta dafa bango ta nuna wurin da tafin hannunta. Ƙusa ta farko ta lanƙwashe.

"Haka kika yi ta ɓarnar ƙusoshin Bello?"

Ta biyu ta shiga.

"Ki kira Harrison ki ce kar ya ƙona mansa. Ki kuma zubo mini shinkafar nan, tun ɗazu ƙanshinta ke damuna."

Kirsimeti uku ke nan da yin haka. Ƙafafun Mama sun yi nauyi yanzu, ba ta iya tashi zuwa bango, yawanci a kujera take wuni. Kowace safiya kafin Laraba ta fita kasuwa, takan sauko da firam ɗin daga ƙusa, ta hura wa gilashin iska, ta goge shi da bakin zaninta har fuskar Dauda ta fito sarai, sannan ta ɗora wa Mama a cinya. Mama takan ce wahalar banza take yi, mai riƙe shi ba ta ganin gilashi. Laraba takan ce ta sani. Washegari ta sake gogewa.